Farin Haƙori: Jawabin da Aka Gabatar a Taron Tsofaffin Ɗalibai



Ni ma'aikacin ofis ne, amma tun da ƙannenmu a Sabon Birni da Isa suka rungumi garin goge haƙori na kasuwa da haɗin gawayi da lemun tsami, na ga ya kamata mu tattauna batun.

Haƙori yana da ɓawo mai tauri a waje, a ƙarƙashinsa kuma akwai wani sashe mai ruwan ɗorawa, mai ƙananan ƙofofi da ke kaiwa ga jijiya. Lemun tsami yana narkar da ɓawon, gawayi da toka suna kankare shi. Kwana biyu sai mutum ya ga haske, ya yi murna. Daga baya ɓawon ya yi siriri, ɗorawar ciki ta bayyana, ruwan randa ma ya gagara sha don zogi. Ɓawon nan kuwa ba ya sake tsirowa.

Dattin goro da taba da shayi a sama yake. Wankin haƙori a asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, yana fitar da shi a zama ɗaya, sai a ci gaba da asuwaki. Malamanmu masu goro, ban kira sunan kowa ba.

Akwai kuma tabon da ke cikin haƙorin kansa. Ku tuna da 'yan'uwanmu Gobirawa na Tsibiri, kusa da Maraɗi. Ruwan wata rijiyar burtsatse da aka haƙa a shekarun 1980 ya zo da sinadarin fulorayid fiye da kima, ba a farga ba sai wajen shekarar 2000, bayan haƙoran yara da yawa sun rine, ƙasusuwan wasu sun lanƙwashe. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ita ce miligiram 1.5 a kowace lita. Haka kafson tetirasaikilin yake rina haƙoran yaron da bai kai shekara 8 ba, ko wanda uwarsa ta sha tana da cikinsa. Irin wannan tabo, ko shekara za a yi ana gurza, haƙori ne kawai zai ƙare.

Wanda haƙorinsa ke zogi kuma yana son fari, likita zai fara duba rami da ciwon dasashi. Sannan ya yi kamar mako 2 yana goga da man rage zogi, irin su Sensodyne. Bayan haka ake ba shi maganin faroksayid mai sauƙi, galibi kashi 10 cikin 100, a cikin robar da aka auna da bakinsa. Yawanci mako 2 zuwa 4 ake yi. Mai zogi yakan tsallake kwana, don haka nasa ya fi daɗewa. Tabon tetirasaikilin yakan ci watanni. Cikon haƙori ba ya canza launi, farin kuma yana dusashewa idan aka koma wa goro. Mai ciki da wanda bai kai shekara 18 ba, su dakata.

Roƙona ga ƙungiya: duk rijiyar da za mu haƙa wa makarantarmu, a kai ruwanta gwaji kafin yara su fara sha.