Alhaji Hamza Zayyad, Wazirin Katsina: Ma'ajin Jami'a da Dukiyar Jama'a



In ana ba da tarihin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka buɗe a 1962, sunayen shugabanninta ne kan fara zuwa baki, watau Sir Norman Alexander, da Farfesa Ishaya Audu wanda ya gaje shi a 1966. Da wuya a ji an ambaci wanda ke riƙe da jakar kuɗi. Alhali kuwa babu laccar da za a yi, babu littafin da zai shiga laburare, babu majinyacin da za a duba a asibitin koyarwa, sai wani ya zauna ya lissafa, ya sa hannu. A kan ɗaya daga cikin waɗannan mutane zan yi jawabi yau, shi ne marigayi Alhaji Hamza Rafindadi Zayyad.

An haife shi a birnin Katsina a 1937. Bayan karatunsa na gida ya tafi Ingila koyon aikin akanta, ya komo da shaidar ƙwarewa a zamanin da irin wannan shaida ta yi ƙaranci ƙwarai a Jihar Arewa, har ana lissafa shi a matsayin ɗan Arewa na farko da ya same ta. Mai irin wannan takarda a lokacin, kamfanonin Turawa na Ikko rububinsa suke yi. Shi kuwa sai ya kama aiki a ofishin kuɗi na jami'ar Zariya, ya yi ta hawa har ya zama Ma'ajin Jami'a.

Ya kamata mu dakata a nan mu dubi nauyin wannan ofishi, don ɗalibi bai san shi ba sai ranar biyan kuɗin makaranta. Gwamnatin Jihar Arewa ce ta kafa jami'ar. Da aka raba Arewa jihohi shida a 1967, sai aka wayi gari uba ɗaya ya zama shida, kowanne da nasa buƙatu da nasa talauci, ga kuma yaƙin basasa yana cin baitulmalin ƙasa har 1970. Ta hannun hukumar nan mai kula da kadarorin haɗin gwiwa ta Kaduna jihohin ke tallafa wa jami'ar. Ba kuma a Samaru kaɗai take ba: akwai Kongo, akwai Shika, akwai Kwalejin Abdullahi Bayero a Kano. A Janairun 1973 aka bar fam da sule aka koma naira da kwabo, dole aka juya kowane littafin lissafi. Ba a gama hutawa ba sai ga ƙarin albashin Udoji, kana a 1975 Gwamnatin Tarayya ta karɓi jami'ar baki ɗaya. Duk wanda ya taɓa riƙe asusun ko da ƙaramar ma'aikata ya san abin da kowanne daga cikin waɗannan ke nufi. A cikin wannan guguwa Hamza Zayyad ya goge.

A 1976 ya koma Kaduna ya shugabanci kamfanin NNDC, wanda jihohin Arewa suka gada, mai jari a masaƙu da otal-otal da gidaje. Amma aikin da ya sa Nijeriya duka ta san shi sai a 1988 ya zo, sa'ad da gwamnatin Janar Babangida ta kafa Doka ta 25, ta ɗora shi bisa kwamitin sayar da kamfanonin gwamnati. An jera kamfanoni 111 da za a sayar, ko duka ko wani sashe, da waɗansu 35, irin su NEPA da NITEL, waɗanda za su zauna a hannun gwamnati amma a ce su nemi abin kansu.

Na san a cikin zauren nan akwai waɗanda tun asali ba su yarda da wannan shiri ba. Suna ganin reshe ne na tsarin SAP, kuma dukiyar talaka ce aka kai kasuwa. Hujjarsu tana da ƙarfi, ba ni da niyyar rushe ta. Abin da nake so a lura da shi shi ne yadda aka yi cinikin. Mafi yawan manyan kamfanonin, kamar na simintin Ashaka da Unipetrol da manyan bankuna, ta kasuwar hannun jari aka sayar da su, a bainar jama'a. Aka buga farashi a jarida, aka baza takardun nema ko'ina, aka kuma kasa hannun jarin bisa jihohi, don kada attajiran gari ɗaya su kwashe. Dubban ɗaruruwan mutane, cikinsu har da malaman firamare da ƙananan akawuna, a lokacin suka fara riƙe takardar hannun jari. A ganina wannan halin ma'aji ne, mutumin da ya saba cewa kowane kwabo yana da mai shi, kuma wata rana mai binciken kuɗi zai zo ya tambaya.

Ba kome ne ya yi kyau ba. Kamfanonin da aka ce su tsaya da ƙafarsu ba su tsaya ba; NEPA ta ci gaba da ɗauke wuta, NITEL ta durƙushe daga baya. Faɗuwar darajar naira ta cinye ribar masu ƙaramin jari da yawa. Sa'an nan da aka farfaɗo da shirin a 1999, sai aka karkata ga miƙa kamfani ga babban mai zuba jari guda, aka yi nesa da tafarkin rarrabawa. Ma'aikatan da ke nan su kwatanta zamanin biyu, su ga wanne ne ya fi haifar da ƙorafi.

A 1993 kwamitin nasa ya rikiɗa ya zama hukumar BPE. Bayan rasuwar Alhaji Isa Kaita a 1994, Sarkin Katsina Muhammadu Kabir Usman ya naɗa Hamza Zayyad Waziri, ya riƙe wannan sarauta har Allah ya yi masa rasuwa a 2002. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa.