Kogon Haƙori: Kar Ka Bari Sai Ya Hana Ka Barci

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta ishe su sauraro ba.

Yau mun ajiye siyasa, mun ajiye maganar neman aiki. Cikin baki za mu shiga. Kafin mu fara, kowa ya sa harshensa ya zagaya haƙoransa na ciki, na taunar nan. Akwai inda harshen ke faɗawa? Akwai wurin da kullum in ka ci tsire sai nama ya maƙale, sai ka nemo tsinke? Akwai gefen da kika daina tauna da shi, kika koma ɗaya gefen ba tare da kin gaya wa kowa ba? To, da ku nake yau.

Bari in fara da kaina. Ina aji uku a jami'a na lura da wani ɗan baƙin ɗigo a haƙorina na ƙasa, can ciki ta hagu. Ba ya ciwo. Sai dai in na sha ruwan sanyi in ji tsirrr, nan da nan ya wuce. Na share shi, wata da watanni. Ana saura kwana huɗu jarrabawa ya tashi da ni cikin dare. Wallahi jama'a, wanda bai taɓa ciwon haƙori ba bai san tsawon dare ba. Na je kemis na sayi maganin kashe zafi, na haɗa da kafso ba tare da kowa ya rubuta min ba. Na tauna kanumfari. Wani ɗan ɗakinmu ma cewa ya yi in ɗiga ruwan batir, Allah dai Ya tsare ban saurare shi ba. Sai da kumatuna ya kumbura sannan na tafi asibiti.

Likitar ta duba, ta ɗauki hoto, ta ce da ni: "Da ka zo tun lokacin da ruwan sanyi kaɗai ke damunka, ciko zan yi maka, minti 30 ka yi tafiyarka." Yanzu kuwa ruɓewar ta kai jijiya. Ko a yi wankin jijiya, aikin da sai an yi ta dawowa kuma kuɗinsa ya ninka na ciko nesa ba kusa ba, ko a cire. Na zaɓi cirewa, don ita ce daidai aljihuna. Ina da shekara 22 na rasa haƙorin da ya kamata ya raka ni har tsufa.

Kuma ba ni kaɗai ba ne. A rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022, mutane kusan biliyan 2 ne ke yawo da ruɓewa a haƙoransu na girma ba tare da an yi musu magani ba.

To me ke haƙa wannan kogon? Mu dai mun tashi muna jin ana cewa tsutsa ce. Har a kasuwa da tasha za ka ga mai magani ya turara wa mutum hayaƙi a baki, ya nuna masa wasu fararen abubuwa a ruwa ya ce ga tsutsar ta fito. Wannan tunanin tsoho ne ƙwarai, har mutanen Babila na dā sun rubuta shi. Amma fa babu wata tsutsa a cikin haƙori. Ƙwayoyin cuta ne da ido ba ya gani, suna zaune cikin dauɗar da ke manne a jikin haƙori. Duk lokacin da ka sha zaƙi, su ma sun samu abinci. Sai su fitar da wani ruwa mai tsami da ke zaizaye haƙorin kaɗan-kaɗan. Shayi mai sukari da safe, lemon kwalba da rana, alawa, biskit, zoɓo, tuwon madara. Abin da ya fi ɓarna shi ne yawan maimaitawa: a yi ta kurɓa ana tsotsa tun safe har dare, bakin bai samu hutu ba.

Ga inda nake so ku riƙe. Haƙori hawa uku ne. Akwai farin ɓawo na waje, wanda duk jikin mutum babu abin da ya kai shi tauri, kuma ba shi da jijiya. Shi ya sa in ruɓewa tana nan ba za ka ji komai ba. Ƙarƙashinsa akwai hawa na biyu, wanda bai kai shi tauri ba. In an iso nan ne sanyi da zaƙi suke fara tsira maka. Can tsakiya kuma ɓargon haƙorin yake, inda jijiya da hanyoyin jini suke. Ciwon da ke hana barci, mai bugawa kamar ganga, yawanci daga nan yake. Ka ga ke nan zafi ɗan aike ne mai makara. Kafin ya iso, lokacin ciko sau da yawa ya wuce.

Wani abu kuma: haƙori ba fata ba ne. In rami ya buɗe, ba ya toshe kansa. Asuwaki yana da kyau, makilin yana da kyau, kurkure baki da ruwan gishiri yana rage raɗaɗi, amma babu ɗayansu da zai cike rami. Kuma in ciwo mai tsanani ya ɗauke ɗif da kansa, kar ka ce ka warke. Yana iya yiwuwa jijiyar ce ta mutu, cutar kuma tana gangarawa saiwa.

Yanzu yaya ake cikon? Da yawanmu tsoro ne ke hana mu zuwa, don haka bari in faɗa muku dalla-dalla, tunda daga baya an yi min har guda biyu. Likita zai duba, wani lokacin ya ɗauki hoto. In ramin ya ɗan yi zurfi zai yi maka allura a dasashi, wajen ya mutu. Ita allurar ce kaɗai ɗan zafin, shi ma na ɗan lokaci. Sai ya sa wata 'yar na'ura mai ƙara ya kankare ruɓaɓɓen wajen, ya wanke, ya busar, ya cike. Daga ƙarshe ya ba ka wata 'yar takarda ka ciza, don ya ga ko cikon ya yi tudu, ya goge shi ya daidaita. Yawanci ba a kai awa guda. Kar ka tauna komai sai leɓenka ya farfaɗo, don kar ka ciji kanka. Ɗan jin sanyi na kwanaki bayan nan ba abin tsoro ba ne, amma in ciwo na ƙaruwa ka koma.

Abin cikon ma iri-iri ne, kuma haƙƙinka ne ka tambayi wanne za a sa maka. Akwai tsohon nan mai launin azurfa. Yana da ƙarko sosai, wani ya wuce shekara 10, amma kusan rabinsa zaiba ce. Tun yarjejeniyar Minamata ta 2013 ƙasashe ke rage amfani da shi, kuma yanzu ana kauce wa sa shi ga yara 'yan ƙasa da shekara 15 da masu ciki da masu shayarwa. In kana da shi kuma lafiyarsa ƙalau, kar ka ruga ka ce a tone. Akwai farin ciko mai kalar haƙori, wanda ake haska wa shuɗiyar fitila ya sandare nan take. Da shi ake gyara haƙorin gaba da ya ɓantare, na masu buɗe kwalba da baki da masu faɗuwa a filin ƙwallo. Kar ka raina 'yar ɓantarewa, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Akwai kuma na uku, wani farin siminti da ke sakin sinadarin fuloraid a hankali yana kare haƙorin. Sannan in an ce maka ciko na wucin gadi aka sa, to na wucin gadi ne fa. Ka koma ranar da aka ba ka.

Wannan na ukun shi ya fi tsaya min a rai. A Tanzaniya, cikin shekarun 1980, aka ɓullo da hanyar kankare rami da kayan hannu kawai a cike shi da irin wannan simintin, babu lantarki, babu injin. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin muhimman magunguna. Ke nan ƙaramin asibitin unguwa ma zai iya, in akwai ma'aikacin da aka horar da kayan aiki. To me ya sa yaro a ƙauye ba shi da zaɓi sai cirewa? Idan muka zauna da kansila ko shugaban ƙaramar hukuma muna lissafa masa rijiya da taransifoma, mu ƙara da wannan tambayar: wa ke duba haƙori a asibitinmu?

Kafin nan, ga abin da ke hannunmu. Goge baki sau biyu a rana da makilin mai fuloraid, musamman kafin kwanciya. Ka tofar, kar ka bi da kurkurar ruwa. Zaƙi a haɗa shi da lokacin cin abinci. Kar a ɗora ƙwayar magani a kan dasashi, ƙona shi take yi, ruwan batir kuwa kar ma a fara. In kana da inshorar lafiya, ta ɗalibai ko ta wajen aiki, ka tambaya ko ta ƙunshi ciko. Asibitocin gwamnati da na koyarwa masu sashen haƙori sun fi sauƙin kuɗi, sai dai layi. In kuwa fuska ta kumbura, ga zazzaɓi, ko haɗiya da numfashi suna wuya, wannan ba na jira gari ya waye ba ne, a tafi asibiti a lokacin.

Na sani, da yawa za su ce ana ta abinci wa ke ta haƙori. Ni ma haka na ce. Na ƙi biyan kuɗin ciko, na ƙare da biyan kemis, da hoto, da cirewa, ga giɓi har yau, haƙoran gefensa ma sun fara karkatowa.

Aikin gida na wannan makon: ka haska fitilar wayarka a bakinka gaban madubi, ka kuma duba na ƙannenka. In ka ga baƙin ɗigo ko rami, ka je a duba tun bai fara magana ba. Ku tura wa wanda kuka san yana tauna da gefe ɗaya.

Allah Ya ba mu lafiya mai amfani. Sai mun haɗu a shiri na gaba, wassalamu alaikum.