Daga Kwalekwale Zuwa Sararin Sama: Tafiyar Kalmar Jirgi



Mutanen ƙasar Norwe suna kiran jirgin sama na ƙashin kai privatfly. Gaɓar farko aro ce mai tushe a Latin, ta biyun kuwa tasu ce, daga aikatau mai nufin tashi sama. Wato su tashin suka duba suka raɗa suna. Bahaushe kuma ɗaukar mutane da kaya ya duba, kuma a ganina ya fi hangen nesa.

Kafin zuwan Turawa, jirgi abin ruwa ne, wanda Sarkawa ke tuƙawa a Yawuri da Argungu. Da dogo ya iso Kano a 1911, ba a tsaya neman sunan aro ba, aka ce jirgin ƙasa. Ranar 1 ga Nuwamba 1925 jirage uku na sojan saman Ingila, waɗanda suka taso daga Masar, suka sauka a filin sukuwa na Kano. Nan ma tsohuwar kalmar ta wadatar, sama kawai aka ƙara mata.

Ku dubi garinmu. Ba mu da kogin da ake fito, amma yaron Funtuwa ya tashi da jirgi a bakinsa, saboda layin da ya taso daga Zariya ya ratsa nan, ya bi ta Gusau, ya tuƙe a Ƙauran Namoda a 1929. Auduga ce ta jawo shi. Manomin Bakori ko Malumfashi ya kai farin zinarensa kan sikeli, a gurje, a ɗaure diloli, leburori su cusa a tarago, usur ya tashi. A lokacin in aka ce jirgi ya iso, ba wanda zai ɗaga kai sama, tasha kowa zai nufa.

Yau abin ya juya. In aka ce jirgi kawai, na alhazai ake nufi, ko ƙananan nan na kwalejin koyon tuƙi ta Zariya da aka kafa a 1964. Wanda ya fara cewa mai saukar ungulu kuwa ya cancanci yabo, domin sai wanda ya zura wa ungulu ido a mahauta zai iya wannan siffa. Abin baƙin ciki, mutanen Faskari da Sabuwa a sintirin tsaro suka fi saninsa.

Saura na attajirai da gwamnoni. Har yanzu ba shi da tsayayyen suna. Wannan gidan rediyo ya ce na ƙashin kai, wancan ya ce na alfarma, wani ya ce na haya. Dalilin a fili yake: jama'a ba su loda masa buhun masara ba, ba su raka ɗan'uwa bakinsa ba, shi ya sa bakin kasuwa bai yanke masa suna ba tukuna.