Jawabi Kan Amanar Babban Malami

Sa'ad da Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar Nassarawa a Kano cikin 1909, iyaye suka yi ɗari-ɗari, gama da 'yan mishan ya fara shigowa ƙasar. Har waɗansu manya suka riƙa aika 'ya'yan barorinsu maimakon nasu. Doka ba ta kawar da wannan tsoro ba. Shi ne ya riƙa magana da mutane da harshensu, ya ajiye malaman addini cikin makarantar, sannu a hankali aka sakankance. A zamanin En'e ma haka aka gani: inda babban malami ya riƙe kuɗin abincin yara daidai, bai fifita ɗan kowa ba, hakimi bai sha wahalar cika aji ba.