Sule Biyar A Hannun Uwa

Yau maganarmu a kan talauci take, da yadda wata mace ta yi yaƙi da shi a ƙasar Ingila. Ku saurara da kyau, gama akwai abin koyi a ciki.

Wasu suna tsammani babu matalauci a Ingila tun fil azal. Ba haka ba ne. A shekarar 1899 wani mutum mai suna Seebohm Rowntree ya sa aka bi gidajen ma'aikata a birnin York, gida gida. Aka rubuta abin da maigida yake samu, da abin da yake kashewa, da yawan bakin da yake ciyarwa. Da aka gama lissafi, sai aka ga cikin kowane mutum huɗu, fiye da ɗaya yana cikin talauci.

Rowntree ya lura da wani abu kuma. Talauci yakan kama ma'aikaci sau uku a rayuwarsa: lokacin da yake yaro, da lokacin da 'ya'yansa suke ƙanana, da lokacin da ya tsufa. Watau mutum yana iya yin aiki tun safe har yamma, amma yunwa ba ta fita daga gidansa ba, don bakin ya fi ladan yawa.

A shekarar 1908 aka yi dokar taimakon tsofaffi. Matalaucin da ya kai shekara 70 ana ba shi har sule biyar a mako. Dattawanmu sun san sule, gama da shi muke ciniki kafin naira ta zo a 1973. Sule ashirin shi ne fam ɗaya. To, tsofaffi sun sami ɗan sauƙi. Saura yara.

Nan ne labarin Eleanor Rathbone ya shigo. An haife ta a birnin Landan a 1872, a gidan masu hali na Liverpool. Ta yi bincike a kan leburorin tashar jiragen ruwa, waɗanda yau a ɗauke su aiki, gobe a bar su. Ta ga gwauro da mai 'ya'ya shida ladansu ɗaya ne. Gwauro ya ci ya ƙoshi, mai iyali kuwa sai a raba ɗan abinci kashi takwas.

Da aka fara Yaƙin Duniya na Farko a 1914, gwamnati tana biyan matan soja kuɗi, kuma kuɗin yana ƙaruwa bisa yawan 'ya'ya. Eleanor tana cikin masu kula da iyalan soja a Liverpool. Ta gani da idonta cewa in kuɗi ya shiga hannun uwa kowane mako, yara sukan sami abinci da tufafi. Sai ta yi tunani, me zai hana a yi wa dukan iyaye mata haka, ko babu yaƙi?

A 1917 ita da abokan shawararta suka kafa ƙungiya don neman wannan. Ba ta ɗauki sanda ba, ba ta zagi kowa ba. Alƙalami ta ɗauka. Ta tattara lissafi, ta rubuta littafi a 1924, ta yi ta yawo tana yi wa jama'a bayani. A 1929 aka zaɓe ta cikin Majalisar Dokoki a Landan, ba ta ƙarƙashin kowace jam'iyya.

Kada ku zaci kowa ya yarda da ita. Wasu suka ce baitulmali ba zai iya ba. Wasu suka ce mutane za su yi lalaci. Har wasu shugabannin ma'aikata suka ƙi, don suna tsoron masu kamfani za su fake da wannan su rage lada. Shekara ta bi shekara, ba ta gaji ba. Mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa.

A 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, William Beveridge ya miƙa wa gwamnati rahoto a kan yadda za a tsare jama'a daga fatara. Ya sa kuɗin yara a ciki, ya ce a ba da sule takwas. A 1945 gwamnati ta kawo dokar gaban Majalisa, amma ta rage shi zuwa sule biyar a mako, ga kowane yaro ban da na fari.

Sai ga wata rigima. An rubuta a cikin dokar cewa kuɗin na uba ne. Eleanor, tana da shekara fiye da saba'in, ta tashi ta ce ba ta yarda ba. Uwa ce take dafa abinci, ita ce take kwana da yaro in ba shi da lafiya. 'Yan Majalisa da yawa suka goyi bayanta, aka gyara, kuɗi ya zama na uwa.

Ta rasu a watan Janairu na 1946. A watan Agusta na shekarar nan aka fara biya. Uwa ta ɗauki ɗan littafinta ta tafi gidan waya ta karɓa. Wadda ta yi kusan shekara talatin tana nema ba ta ga ranar ba. Wasu kuma suka ci gaba daga inda ta tsaya, har a 1977 aka fara biya wa ɗan fari shi ma.

To, jama'a, wannan magana ta iso ƙasarmu. A 2016 gwamnatin Nijeriya ta fara wani shiri na ba gidajen matalauta naira 5,000 a wata, kuma yawancin waɗanda aka ba amanar karɓa mata ne. Irin wannan taimako da rubutu ake yinsa. Ana rubuta sunaye, ana rubuta yawan mutanen gida. Wanda bai iya karatu ba, ta ina zai san ko sunansa yana ciki? Ta ina zai san ko an ba shi cikakke, ko an yanke?

Saboda haka in masu rubuta sunaye suka zo garinku, ku faɗi gaskiya, kada ku ƙara, kada ku rage. Ku nemi a nuna muku abin da aka rubuta, ku karanta da kanku. Kada ku ba kowa ko kwabo don ya sa sunanku. In kun ga an tsallake gwauruwa mai marayu, an sa mai shanu, ku taru ku rubuta takarda, ku sa hannu, ku kai wa hukuma cikin ladabi. In ba a amsa ba, ku sake rubutawa.

Ku kuma maigida, ku bar matanku su zo aji. Uwar da ta iya lissafi, da wuya a cuci 'ya'yanta.

Allah ya ba mu wadata, ya raya mana zuriya. Ku sauka gida lafiya.