Daga Kasuwar Azare Zuwa Tashar Apapa

Azare ba ta da teku, amma riɗin da manoman ƙasar Katagum ke nomawa yakan gangara Legas, a loda shi a jirgin ruwa zuwa Japan ko Turkiyya. Yawancin baburan da suka cika garin ma ta ruwa suka iso.

Manyan jiragen nan baƙin mai suke sha, mai kauri da turnuƙe sama. Daga 1 ga Janairun 2020 hukumar sufurin jiragen ruwa ta duniya, IMO, ta rage farar wutar da aka yarda a man daga kashi 3.5 zuwa 0.5 cikin ɗari, kuma matakin ya dace ƙwarai.

Ana kuma gwada wasu hanyoyin rage hayaƙin: a 2023 jirgin Laura Maersk ya fara tafiya da man metanol. Shi kuwa jirgin Pyxis Ocean, filafilai biyu aka kafa masa, kowanne ya haura mita 37, iska na taya injinsa aiki.