Nduka Odizor: Daga Tsintar Ƙwallo a Ikoyi Zuwa Wimbledon



An nemi mu ce wani abu game da wasanni, muka zaɓi tanis, wasan da yawancinmu ta bayan shingen kulob ɗin Turawa kawai muka taɓa hango shi. Wanda za mu ba da tarihinsa ma ta wannan gefen na shingen ya faro.

An haifi Nduka Odizor a Legas a shekarar 1958. Yana yaro aikinsa tsintar ƙwallo ne a kulob ɗin Ikoyi: manya su buga, shi ya bi da gudu ya ɗauko. Da kallo ya koyi wasan. Wani malamin jami'a Ba'amurke ya lura da shi, ya ɗauki nauyin kai shi birnin Houston na jihar Texas. Abin da ya fi burge mu, mu da alli ya ci wa hannu, shi ne aji aka fara sa shi. Ya ƙare sakandare, ya shiga Jami'ar Houston, yana karatu yana buga wa jami'ar wasa, kafin ya mai da tanis sana'a.

Shekarar 1983 ita ce ganiyarsa. A zagayen farko na gasar Wimbledon ta Ingila aka haɗa shi da Guillermo Vilas na Ajantina, gwarzon da ya riga ya ci manyan kofunan duniya har huɗu. A wasan maza na wannan gasa, wanda ya fara cin turmi uku cikin biyar shi ke da nasara. Vilas ya cinye biyu na farko, saura ɗaya ya sallami ɗan Legas. Odizor ya daure, ya ci na uku da ƙyar, ya ci na huɗu, ya ƙarasa da na biyar. Bai tsaya ba sai zagaye na huɗu, wato cikin mutum 16 na ƙarshe, inda Chris Lewis na New Zealand ya fitar da shi. Lewis ɗin nan kuwa sai da ya kai wasan ƙarshe. A wannan shekara dai Odizor ya ci kofin Taipei, a 1984 ya hau matsayi na 52 a duniya, a 1988 kuma ya wakilci ƙasarmu a Olamfik na Seoul.

Wani zai ce na 52 ai ba na ɗaya ba ne. Mu da muka shekara muna rubuta sakamakon jarrabawa mun san bambancin ajin yara arba'in da ajin da duniya duka ke ciki. Fiye da shekara 40 ke nan, babu wani ɗan wasa namiji mai buga wa Nijeriya da ya sake taka wannan matsayi, ga kuma filayen tanis na tsofaffin kwalejojinmu da yawa ciyawa ta cinye su.